Wani Babba Daga Garinku

Bana ruwa ya yi mana irin halin nan nasa. Ya sauka da kyau, kowa ya ɗauki sungumi aka zuba iri, sannan ya ɗauke cak. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, can sai iska ta zo ta watsa shi. A cikin kwanakin nan ne Zainab, 'yar yayata, ta zo gidana a Gumel ta miƙo mini wayarta. Wani asibitin kuɗi da ta nemi aiki ne suka turo mata saƙo, sun gode da zuwanta amma ba su ɗauke ta ba. Ko sunan wanda ya rubuta babu.

Ta ce, "Kawu, ni ban ma san wanda zan ji haushi ba."

Na ce mata ta gode wa Allah da hakan. Ta tsaya tana kallona tana jiran ƙarin bayani, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi ƙauyenmu a ƙasar Sule Tankarkar, wata damina kimanin shekara ashirin baya, lokacin da aka hana ni aiki aka kuma ba ni wanda zan ji haushi.

A lokacin na gama difloma ta akanta na dawo gida, na shekara har da ɗoriya ba aiki. Takarduna suna cikin leda a ƙasan akwatin Inna saboda gara. Na kai kwafinsu Gumel, na kai Dutse, na kai duk inda aka ce ana ɗauka, amsar dai ɗaya ce, in riƙa leƙowa. Daminar da ta gabata kuma ba ta yi mana kyau ba. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tun kafin bazara ta yi nisa, in Baba ya shiga rumbu ɗauko dami sai ya nutse har ba a ganin hularsa.

Zafin bazarar nan har yanzu ina jinsa a tafin ƙafata. Rairayi yana ƙona mutum ta cikin silifa. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Awaki sukan jeru a gindin katanga suna haki, rijiyar bakin gari kuwa sai da aka ƙara wa guga igiya. Mu biyar ne a gidan: Baba, Inna, ni da ƙannena mata biyu, don an riga an yi wa yayarmu aure. Gidan da ke jikin namu na Baffa Sale ne, ƙanen Baba, dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari. Gonakinmu ma a jere suke, gado ne aka raba. Shi yana da shanun huɗa, mu muna da hannuwa. Kowace shekara yakan huɗe mana fegin riɗi, mu kuma mu taya shi noma.

Lawan ne ya kawo mini labarin aikin. Abokina ne tun firamare, yana acaba tsakanin garinmu da Maigatari, don haka babu abin da ake yi a bakin iyaka bai ji ba. Ya ce wani kamfani mai sayen riɗi da zoɓo yana neman akawun sito, suna so su koya wa mutum aiki kafin kaka. Shi ya goya ni a babur ɗinsa, na rungume takarduna a ƙirji.

Manajan wani gajeren mutum ne mai gilashi, ba ɗan yankinmu ba. Ofishinsa yana cikin siton, ƙamshin riɗi ya kama komai har labule. Ya duba takarduna, ya ba ni lissafi na yi a gabansa, ya yi mini tambayoyi a kan sikeli da buhu. Sannan ya cire gilashin ya dube ni.

"Wanda ya bar kujerar nan tafiya ya yi ya bar mu ana tsakiyar kaka," in ji shi. "Ba na son in wahala in koya wa mutum aiki, ya iya, ya gudu. Za ka zauna?"

Na ce, "Zan zauna, ranka ya daɗe."

"To, farkon wata ka zo ka fara."

A hanyarmu ta komawa ruwan farko ya same mu. Lawan bai tsaya ba, ni ma ban ce ya tsaya ba. Na cusa ledar takardun cikin riga, muka shigo gari sharkaf muna dariya, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Na sami Baba a zaure na gaya masa. Ya ɗaga hannu sama ya daɗe yana godiya. Inna ta zauna a kan turmi tana share ido da gefen zane. Na roƙe su abu ɗaya, a bar maganar tsakaninmu har sai na fara. Baba ya ce ai haka ya kamata.

Washegari muka fita shuka. Baba a gaba yana sara da sungumi, ni da ƙannena a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ban taɓa jin daɗin shuka kamar ta wannan shekarar ba. Ina tafe ina lissafa abin da zan fara saya in an biya ni: buhun gero, sai takalmi wa Baba.

Saura 'yan kwanaki wata ya kama, Lawan ya same ni a gona. Ya kashe babur, ya daɗe yana goge fuska da hularsa kafin ya yi magana. Ya ce manaja ya tsayar da shi a bakin sito ya ba shi saƙo, in yi haƙuri, kada in zo.

A wancan zamanin wayar hannu sai masu hali, ba ka da yadda za ka yi sai ka je da ƙafarka. Na je. Manajan bai ce in zauna ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko wani laifi na yi?"

"Ba ka yi laifi ba."

"To me ya canza?"

Ya yi ta juya biro a hannunsa. Daga baya ya ce, "Wani babba daga garinku ya zo nan, mun yi magana. Bayan abin da na ji, na ga ba kai muke nema ba."

"Wane ne? Me ya ce?"

"Ba sai na faɗa ba. Ka je, Allah ya ba ka wanda ya fi wannan."

Da ya ce mini babu gurbi, ko ya ce ɗan uwansa ya samu, da na yi baƙin ciki na kwana biyu na manta. Amma ya ɗora mini wani babba, marar suna marar fuska, ya ce in tafi da shi gida.

Da na maimaita maganar a tsakar gida, Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Wane marar tsoron Allah ne zai bi yaro har wurin abincinsa? Me muka tsare wa mutane?"

Inna ce ta fara kiran suna, da murya ƙasa ƙasa, tana kallon katangar da ta raba mu da gidan Baffa. Ta ce wane babba ne a garin nan yake Maigatari kowace Alhamis? Wa ya san kowa a can? Wa yake da ɗa zaune ba aiki? Nasiru take nufi, ɗan Baffa, wanda ya gama sakandare yana yawo a gari. Ta kuma tuno tsohon ƙorafin iyakar gona, da aka yi tun ina yaro aka wuce wurin.

Baba ya ce, "Sale ba zai yi haka ba." Amma ko tuwonsa bai gama ba.

A makon nan ruwa ya ɗauke. Geron da ya tsiro kore shar ya fara nannaɗe ganye da rana tsaka, da safe ya ɗan buɗe, har ya daina buɗewa. Iska mai zafi takan kwaso rairayi ta binne tsiron. Mukan fita da sassafe mu tsaya a bakin gona muna kallo, babu abin yi. Da ruwa ya ɗan yayyafa aka ce a sake shuka, ba mu da iri. A da Baffa ake tambaya. Wannan karon Baba ya taka har ƙauyen surukansa ya samo ɗan abin da ya samu.

Hatsi ya yi tsada irin wadda ban taɓa gani ba. Can ƙetare abin ya fi namu muni, mutanen Damagaram suna shigowa da jakuna da amalanke suna saye duk abin da suka tarar. Kuɗin kwanon gero da safe daban, da yamma daban. Ragon da Baba ya kai Maigatari ya sayar tun farkon shuka, hatsin da ya sayo da kuɗinsa bai kai mu ko'ina ba. Muka koma tuwo sau ɗaya a rana, daga baya tuwon ma ya zama kunu. Inna da ƙannena sukan fita da ƙwarya su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Tafasa tana cika ciki amma ba ta riƙe mutum. Kana cikin noma in ka ɗago kai sai ka ga gonar tana juyawa, ka dogara da hauya har ta tsaya.

Ni kuwa yunwa biyu ce take cina. In na sunkuya ina noma, ba ciyawa nake gani ba, fuskokin dattawan garinmu nake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa, wanda na taɓa yi wa gardama a kan rabon taki. Liman, wanda ya taɓa cewa 'yan boko ba su da kunya. Mai shagon bakin kasuwa. Duk inda na zaga sai in dawo kan Baffa.

Ranar da ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Habu, ya haƙuri? Allah ya kawo wani mai albarka," sai na tambayi kaina: Wa ya gaya masa? Mu dai ba mu faɗa wa kowa ba. Na ce amin, na wuce. Tun daga ranar komai ya yi sai na ba shi fassara. In ya gaishe ni da fara'a, in ce yana rufe abin da ya yi ne. In ya gaishe ni a gajarce, in ce kunya ce ta kama shi. Ko tarinsa na ji ta bayan katanga sai in kasa kunne.

Tunda Baffa ya sani, to wani ne ya kai masa, kuma mutum ɗaya ne ya san komai tun daga farko. Na sami Lawan a tasha yana wanke babur.

Na ce, "Lawan, wa ka ba labarin aikin nan?"

"Wane irin wa na ba?"

"Kai kaɗai ka sani."

Ya ajiye tsumman. "Habu, rabin garin nan sun gan mu mun shigo cikin ruwa muna dariya kamar an yi mana kyautar mota. Kana jin sai an gaya musu? Ni na nemo maka, ni na kai ka ban karɓi ko kuɗin mai ba. Ni zan ɓata?"

"Ban ce kai ka ɓata ba."

"Ai ba sai ka faɗa ba."

Daga ranar ban sake hawa babur ɗinsa ba. Ban daina neman aiki ba, amma na koyi yin sa a ɓoye. Da na ji wata makaranta a Gagarawa tana neman malamin lissafi, sai na ce wa su Inna zan je duba wani aboki marar lafiya. Na naɗe takarduna cikin tsohuwar riga, na taka zuwa ƙauyen gaba kafin in hau mota, don kada 'yan tasharmu su san inda na nufa. A can aka ce sai bayan hutu za a duba. Na dawo ban faɗa wa kowa ba. Na kai ga in wani ya tambaye ni ina zuwa, ko masallaci zan je sai in ce nan kusa.

Sau ɗaya na sake komawa siton nan. Mai gadi bai bar ni na shiga ba, amma ta taga na hango wani saurayi a kan kujerar, ban san shi ba. Na saya wa mai gadin goro, na zauna kusa da shi, na tambaye shi ko ya tuna wani dattijo daga garinmu da ya zo ganin manaja.

Ya ce, "Samari, ranar kasuwa dattawa nawa ne suke shiga nan? Kowa da farar riga da hula. Ni duk ɗaya suke a idona."

Wata ranar Juma'a, a tsakiyar wannan matsi, matar Baffa ta aiko da kwanon tuwon dawa da miyar kuka, har da man shanu a sama. Ƙamshin ya riga kwanon shigowa. Ƙannena suka taso suka kewaye shi. Inna ta buɗe ta duba, ta mayar da murfi.

Ta ce, "Ba za a ci ba."

Ƙaramar ta fara kuka. Baba yana zaune a kan buzu yana ji, bai ɗago ba. Inna ta ce wanda ya iya zuwa har Maigatari ya toshe wa mutum hanya, ba ta san abin da zai iya zubawa a miya ba. Ta juye tuwon a wani kwano ta ba wata tsohuwa mai bara da ke wucewa, ta wanke nasu ta mayar da godiya. Ni da nake da karatu, na san babu komai a cikin tuwon nan sai dawa. Amma ban ce a ci ba. Har yamma ƙamshin man shanun yana tsakar gida.

Da lokacin huɗar riɗi ya yi, Baffa ya aiko Nasiru ya tambaya yaushe za a kawo shanu. Baba ya ce a gaya masa bana mun hutar da shi. Muka kama yi da hannu, ni da shi, cikinmu ba komai. Kafin mu kai rabi lokaci ya wuce, sauran fegin ya zauna haka. Mu ma ba mu leƙa gonarsa ba da aka fara noman farko, ba mu leƙa ba da aka zo maimai.

Ana haka sai labari ya zo Nasiru ya sami aiki a Maigatari, yana rubuta lodi a wurin wani mai manyan motoci. Ba siton da na nema ba ne, ko kusa ba su yi ba. Amma Inna ta tafa hannu ta ce, "To, kun gani." A ranar Baba ya tsayar da ƙanensa a ƙofar gida bayan sallar la'asar, ina tsaye a zaure ina jin su.

"Sale, ka je wurin mutanen nan?"

"Waɗanne mutane, Yaya?"

"Masu riɗi. Inda yaron nan ya nemi aiki."

Muryar Baffa ta canza. "Ashe abin da ya hana a karɓi shanuna ke nan. Yaya, in kana so a kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ban ce ka rantse ba. Tambaya na yi."

"Tunda har ka iya tambaya, ai ka gama yanke hukunci."

Ya shige gidansa. Daga nan sai sallama kawai in an haɗu a sahu, ita ma a taƙaice. Mutanen da suka sha nono ɗaya, suna kwana katanga ɗaya tsakaninsu, kowa ya koma bin wata hanyar zuwa gona.

An fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, rana tana dukan mu. Ba a jima ba ruwan ya dawo, kuma da ya dawo bai yi wasa ba. Aka shiga marka, sama ta rufe, ɗakin Inna yana yoyo muna tara kwanoni. Geron shuka ta biyu da muka fitar da rai da shi ya miƙe kamar ana jan sa. Yunwar ba ta tafi ba, don wannan ne lokacin da ta fi tsanani, gona kore shar amma babu abin sawa a baki. Sai dai yanzu mutum yana ganin ƙarshenta da idonsa. Kullum da safe Baba zai murza kan gero a tafin hannu ya duba ko ya yi ido.

Ranar da muka fara cin tumu, ni da shi ne kawai a gona. Muka karyo kawunan da suka nuna, na haɗa wuta a gindin aduwa, muka gasa muna murzawa muna hurawa muna watsawa a baki da zafinsa. Wanda bai yi watanni yana cin tafasa ba ba zai san daɗin tumu ba. Baba ya jingina da itacen, ya miƙe ƙafafu. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun ranar ruwan farko.

Ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni mamaki a lamarin nan? Mutumin nan da na gan shi, ban ga alamar mai jin zugar mutane ba."

Na ce, "Wane mutum?"

"Manajan naka." Ya yi 'yar dariya ta jin nauyi. "Ka ce a bar maganar tsakaninmu, shi ya sa ban gaya maka ba. Ranar da na kai ragon nan, na ga bai kamata mutum ya yi wa ɗanka alheri ka wuce ta ƙofarsa ba ka ce an gode ba. Na tafi masa da ƙwan zabi a 'yar ƙwarya. Ya karɓe ni hannu biyu, har shayi ya sa aka kawo mini."

Na daina tauna. Na ce, "Me kuka tattauna, Baba?"

"Alheri kawai. Na ce masa kada ya ga kamar yaron banza aka kawo masa. Na gaya masa tun kana firamare ba a taɓa wuce ka a lissafi ba. Na ce wannan da kake gani, zaman nan na ɗan lokaci ne, jami'a zai tafi da yardar Allah, ko gona zan sayar sai ya tafi. Na ce nan gaba ku ne za ku riƙa zuwa ofishinsa." Ya murza wani tumun ya hura. "Ya yi ta gyaɗa kai. Ashe bayan na fito wani zai shiga ya rushe duk abin da na gina."

Ban san abin da fuskata ta nuna ba. Na dai san na sunkuyar da kai ina tona wutar da tsinke, wutar da ba ta bukatar tonawa. Maganar jami'a gaskiya ce, mun sha yin ta da shi a zaure, buri ne na wata rana, ba na bana ba, ba na baɗi ba. Ina jin idonsa a kaina. Hannunsa da ya ɗauko tumu zai kai baki ya tsaya a hanya.

Can ya ce, "Habu."

"Na'am, Baba."

"Da ya yi maka tambayoyi, ya tambaye ka ko za ka daɗe a wurin?"

Na so in ce ban tuna ba. Bakina ya ƙi. Na ce, "Ya tambaya."

"Ka ce masa me?"

"Na ce zan zauna."

Ya zubar da tumun da ke hannunsa a kan buhun da muka shimfiɗa, a hankali, ya kakkaɓe tafinsa. Ya daɗe yana kallon gabas. Na ce masa wataƙila ba shi ake nufi ba, wataƙila wani ya je bayansa, wataƙila ma manajan yana da nasa mutumin tun farko ya rasa abin da zai ce mini ne. Har yau ina ganin kowanne daga cikin waɗannan zai iya zama gaskiya.

Baba ya miƙe ya ɗauki hauyarsa. Na zaci kunyar da muke nomewa zai koma, sai na ga ya nufi iyaka. Ya tsallake layin yakuwar da ya raba gonakin ya shiga ta Baffa. Rabon da in dubi gonar nan da kyau an daɗe. Ciyawa ta cinye waken da ke ƙarƙashin geron, don Nasiru yana Maigatari, mu kuma mun janye hannu. Baffa yana can tsakiya shi kaɗai, rigarsa ta jiƙe da gumi. Baba bai yi masa sallama ba, ya kama kunyar da ke kusa da tasa ya sunkuya.

Baffa ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Yaya, lafiya?"

"Matsa can, wannan tawa ce."

"Rana ta yi, ka bari."

"Na ce ka matsa."

Na ɗauki tawa hauyar na bi su. Muka yi ta noma mu uku har aka kira azahar. Da za mu tashi Baba ya ce in je in kwaso sauran tumun in kawo wa Baffana. Abin da suka faɗa wa juna bayan na ba da baya ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Da na dawo na tarar da su zaune a inuwa ɗaya, idon Baba ja.

Inna ba ta yarda nan take ba. Da Baba ya gaya mata abin da ya faru, ta ce ita dai har yanzu ba ta ga abin da ya wanke kowa ba, ai ana iya samun babba biyu. Sai da aka yi girbi, matar Baffa ta shigo taya ta sussuka, sannan na ji suna hira. Lawan kuwa ni na same shi a tasha na hau bayan babur ɗinsa. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce yau sai na biya kuɗin mai.

Ana cikin ɗaurin dami saƙo ya zo daga makarantar nan ta Gagarawa, in je in fara. Na sami Baba a bakin rumbu yana miƙa wa Baffa dami yana jerawa. Na durƙusa na gaya masa. Ya sa mini albarka, ya tambayi nisan wurin da inda zan riƙa kwana. Har na juya zan tafi ya kira ni.

Ya ce, "In ka je ka gaishe mini da shugaban makarantar, ka ce na gode." Ya sunkuya ya ɗauki wani damin. "Ni dai ba zan je ba."